Daron Ƙofar Gidan Barmo

Idan ka gai da Barmo, ba fuskarka zai fara dubawa ba. Ƙasa zai duba, can bayan dugaduganka, inda ka tako, sannan ya ɗago ya amsa maka da sunanka. Baƙi suna ɗauka kunya ce, wasu su ce raini. Mutanen Tanut kuwa sun san ba ko ɗaya, sana'a ce ta zauna masa a wuya. Shekara arba'in da ɗoriya yana bin sawu, har wuyan ya lanƙwashe ya manta yadda ake kallon sama. Ko hadari ya haɗo, shi sai ya ga tururuwa suna kwasar ƙwai sannan ya ce a shigar da shanya.

A wani ƙauye kusa da Tenhya aka haife shi, gidan manoman gero. Ubansa ya so ya yi noma kamar kowa, amma Barmo da hauya ba su taɓa shiri ba. A ba shi kunya uku ya nome, a dawo a tarar da shi a tsugune yana bin inda buzuzu ya mirgina kashin shanu. Duka dai ya sha shi, ba laifi. Bai hana komai ba.

Wanda ya gane abin da ke jikinsa wani tsohon Ba'abzine ne mai raƙuma, sunansa Rissa, da yake sauka bakin rijiyarsu duk rani. Rissa ba mai yawan magana ba ne. Da sanda yake koyarwa, ya nuna, ya yi shiru, in ka yi kuskure ya yi tsaki ya wuce. A wurinsa Barmo ya koyi cewa da hantsi ake karanta ƙasa, lokacin da rana ke kwance inuwa tana cika ramin sawu, don da zarar ta tsaya tsaka komai ya baje. A wurinsa ya koyi cewa in ka sami sawu mai kyau, na ɓarawo ko na dabbar da ta ɓata, ka kifa masa ƙwarya ka ɗora dutse, don kada iska ko kaji su ɓata shi kafin shaidu su zo. Akwai kuma abin da Rissa ya faɗa da baki sau ɗaya tak, suna zaune suna jiran shayi ya tafasa. Ya ce ɗan taguwa, wato ɗan raƙuma, ba ya ɓoye uwarsa. Launi yana iya saɓawa, tsayi yana iya saɓawa, amma in ya girma, tafin ƙafarsa na uwarsa ne.

Da wannan magana Barmo ya yi suna. Wata ranar kasuwa a Belbeji, mutum biyu suka riƙe igiyar wani matashin raƙumi, kowa yana rantsuwa ɗan taguwarsa ne da ya ɓata tun yana ƙarami. An kusa zare takubba. Jandarma biyu suna tsaye sun kasa raba gardamar. Barmo, a lokacin gemunsa ko fari ɗaya babu, ya ce a share masa fili, a yayyafa ruwa. Aka yi ta gunaguni a kan ruwan, amma aka yayyafa. Ya sa aka ja raƙumin ya taka, aka ja taguwar wannan ta taka, aka ja ta wancan. Ya tsuguna, ya auna da tafin hannunsa, ya nuna da tsinke inda gefen ƙafar hagu yake ɗan karkacewa waje, a ɗan da kuma a ɗaya daga cikin taguwoyin. Har wanda ya faɗi sai da ya leƙa ya ce, "Wallahi haka ne." Daga ranar, duk wanda aka kore wa awaki ko jaki ya tsinke masa tsakanin Belbeji da Tanut, Barmo ake aika wa.

Dabba ɗaya ce ta taɓa gagararsa, ita ma ba gagara ba ce, shi ya sake ta. Wani jaki ne ya ɓata, ya biyo sawunsa har bakin wata rijiya a ƙasar Falanko. Nan a cikin laka, inda mata suke sauke tulu, ya ga wani sawu ya gitta na jakin. Ƙafar dama ce ta mace. Babban yatsa ya ware daga 'yan'uwansa, tazarar da ƙwallon dabino zai zauna daidai. Ƙaramin yatsa kuwa ko taɓa ƙasa bai yi ba. Dunduniya ba nauyi, kamar mai tafiya tana sauraron wani abu. Barmo ya tsaya. Jaki ya yi gabas, sawun nan ya yi kudu. To, ku faɗa mini, wane ne zai bi jaki? Ya bi sawu har ƙofar wani gida, ya tsaya kamar wawa, ya rasa abin da zai ce ya kawo shi, sai ya roƙi ruwan sha. Wadda ta kawo ruwan sunanta Zalika. Bai kalli fuskarta ba sai da ya tabbatar da ƙafar. Har ta tsufa tana yi masa gori, tana cewa duk matan duniya fuskarsu aka gani aka aura, ita kaɗai ce aka auri ƙafarta. Mai jakin kuwa har ya mutu bai daina ƙorafi ba.

Shekarar da fari ya cinye gonaki suka dawo Tanut, suka gina gidan ƙasa a gefen gari, ɗaki biyu da zaure. 'Ya'ya huɗu Allah ya ba su, ya karɓi uku tun suna goye. Wadda ta rayu, Ramatu, tana shekara biyar yayar Zalika ta ɗauke ta riƙo zuwa Damagaram, don ita ba ta taɓa haihuwa ba, kuma can lakwal, wato makarantar boko, ya fi kusa. Barmo ya san sawun yarinyar a lokacin, ɗan dunƙulalle mai taushi, irin na kowane yaro, wanda bai riga ya yanke shawarar kamannin da zai ɗauka ba. Bayan nan, duk hutun da za ta zo, da takalmi take zuwa, 'yar birni. Shi kuma rabin hutun yana daji bayan dabbobin mutane.

Sannu a hankali sana'ar ta fara mutuwa a hannunsa. Ɓarayi suka daina kora dabba a ƙasa, suka koma loda ta a mota. Barmo zai bi sawu tiryan-tiryan har bakin babbar hanyar Agadas, sai ya ƙare a kan taya. Taya kuwa ba ta da uwa, duk ɗaya suke. Wanda akuyarsa ta ɓata ma yanzu salula yake ɗauka ya buga wa ƙauyuka biyar kafin Barmo ya gama ɗaura rawani. Bai yi fushi ba. Ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gida, ya koma karanta hanya don nishaɗi. Zalika tana ciki tana tankaɗe, shi yana ba ta labari ta zaure: mai kanwa ya wuce, jakinsa na ɗingishi, matar liman ta je unguwa ta dawo da kaya mai nauyi, yau wani baƙo ya yi ɓatan kai sau biyu a lungun nan. Ita kuma ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka, ka bar mutane da asirinsu."

A ƙarshen wata damina, shekara uku ke nan, aka yi ruwa da asuba. Da gari ya waye awakin unguwa suka zo suna goga jiki da bangon da ya jiƙe, Zalika ta fita a guje ba takalmi ta kore su. Ta dawo ta ce kanta ya yi nauyi. Kafin azahar magana ta ɗauke. Aka samo mota za a kai ta Damagaram. An shigar da ita, kowa na ce wa Barmo ya yi sauri, ya juyo zai ja ƙofa, sai idonsa ya faɗa gindin bango. Ga shi nan a cikin lakar da ta fara tsanewa, ƙafar dama, babban yatsa a ware, ƙarami bai taɓa ƙasa ba. Bai yi tunani ba, hannunsa ne ya yi aikin da ya saba. Akwai daronta da ta tara a ƙarƙashin indararo, cike da ruwan sama. Ya tuntsurar da ruwan gefe. A Tanut fa, inda ake bin ruwa da amalanke! Ya kifa daron a kan sawun, ya ɗora dutse, ya shiga mota.

Kwana huɗu ta yi a asibiti. Can aka binne ta. Da ya dawo, masu gaisuwa suka cika ƙofar gida, suka tattake duk inda ta taɓa takawa. Daron kaɗai aka kewaye, don an ga dutse a kai.

Bai ɗaga ba. Ranar farko ya ce sai an watse. Da aka watse ya ce sai an yi arba'in. Da rani ya shigo, yara suka fara hawa daron suna buga shi kamar ganga, sai ya saro ƙayar aduwa ya kewaye. Da damina ta kusa, ya ga ruwan indararo zai bi ta nan, sai ya tara ƙasa ya yi 'yar kunya ta karkatar da ruwan. Ya kuma hana tsintsiya zuwa wajen kwata-kwata, don mai shara ba ta da tabbas, yau ta matsar da ƙaya, gobe ta ce bari in ga abin da ke ƙasa.

Ramatu ta dawo gida a shekarar. Aurenta ya riga ya ƙare a Damagaram, ta nemi a maido ta koyarwa a wani lakwal na Tanut don kada tsohon ya zauna shi kaɗai. Mace ce mai son tsafta, ba ta iya ganin tsinke a ƙasa ta wuce. Abin da ta fara yi, don ta kyautata masa, shi ne ta sa aka shafe tsakar gida da siminti har zaure. Barmo ya yi godiya, ya sa albarka, amma a ransa kamar an toshe masa kunne. Siminti ba ya cewa komai. Mutum ya wuni yana kai da kawo a kai, da yamma ka duba kamar ba a taɓa haihuwar kowa a gidan ba. Ita kuma in za ta fita, takalminta na bakin zaure, ta zura ta wuce.

Ta tambaye shi zancen daron sau biyu. Ya ce, "Bar shi." Ta bari.

To, ƙaya ba ta zama ita kaɗai. Duk baƙar ledar da iska ta kwaso daga kasuwa, a nan take yada zango. Kashin awaki ya taru, tsumma ya maƙale, an kashe kunama biyu a ciki. Ruwan da ya karkatar kuwa ya samu hanya ya riƙa cin gindin bangon maƙwabci. Unguwa ta ɗauki surutu. Wasu suka ce asiri ya binne na kama ɓarayi, wasu suka ce wani abu yake kiwo a ƙarƙashi wanda ba a faɗin sunansa. Mata masu ciki suka koma bin ɗaya gefen hanya. Barmo yana ji, ko a jikinsa.

Shi dai da hantsi zai fito da buzunsa, ya zauna inda ya bar 'yar kafa a cikin ƙayar, ya ɗora tafin hannunsa a kan daron da rana ta fara ɗumamawa. Sai ya lumshe ido. A nan ne sawun yake ci gaba. Na biyu yana bayan na farko, wajen da awakin suka watse. Na uku ya sha kwanar lungu. Daga nan ya bi ta bayan kasuwar dabbobi, ya haura jan tudun nan na bayan gari, ya gangara cikin gero mai kai ƙirji, ba sauri, dunduniya ba nauyi. Barmo yana biye, gwiwarsa ba ta ciwo, idonsa garau. Wani lokaci har ya ji ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, ya ji warin laka da jiƙaƙƙiyar igiya. Kullum tana gabansa kaɗan, ta sha kwana ke nan. Bai taɓa cim mata ba, bai kuma damu ba, tunda sawun sabo ne. Sai wata moto, wato babur, ta wuce ta tashe shi, ya ga hannunsa a kan tsohon daro mai tsatsa.

Ana nan, cikin bazarar bana, mai shela ya zagayo unguwa a kan amalanke da lasifika. Ya ce daga ofishin magajin gari, kowane mai gida ya ji. Kafin ruwa ya sauka, kowa ya share ƙofar gidansa har tsakiyar hanya, kuma ya ci gaba da sharewa kullum. Turke, tarin itace, fasasshen turmi, mushen amalanke, duk abin da aka jibge a waje a shigar da shi ciki. Mai ruwan wanka da ke malalowa hanya ya haƙa masa rami. Bangon da ya tsage a yaɓe shi tun bai faɗo wa ɗan wani ba. Kada kowa ya tare wa ruwan sama hanya. Ranar Asabar ta sama kamyo, babbar motar kwasar shara, zai bi lungu-lungu, abin da aka tarar a waje an kwashe.

Unguwa ta kama aiki, ana yi ana mita. Masu turke suka ce tun kakanninsu a waje ake ɗaure jaki. Amma aka shigar. Kafin Laraba lungun ya yi fes, ka ce za a ɗaura aure. Ƙofar Barmo kaɗai ta rage, da ledojinta suna kaɗawa.

Ranar Alhamis duba-gari ya zo. Almustafa sunansa, mutum mai kimanin shekara arba'in, ɗan unguwar ne, da 'yar jakarsa a hammata. Ya cire takalmi, ya tsuguna nesa da buzun, ya yi gaisuwa mai tsawo, har lafiyar gwiwa sai da ya tambaya.

Barmo ya dubi ƙasa ya ce, "Almustafa ne. Har yanzu kana taka gefen ƙafa irin na babanka."

Almustafa ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ba a ɓoye maka." Sannan ya ce, "Baba, zancen ƙayar nan ne ya kawo ni. Da daron."

"Sun tare wa wani hanya?"

"Sun tare wa ruwa, Baba. Dubi bangon maƙwabcinka, gindinsa ya zaizaye. In aka yi ruwa biyu masu ƙarfi zai kwanta, kuma nan jikokinsa suke wasa. Ni ba na tambayar abin da ke ƙasa, ba ruwana. In abu ne mai ɗaukuwa, ni da kaina zan ɗauka in kai maka ciki, ba wanda zai gani."

Barmo ya ce, "Ba ya ɗaukuwa, ɗana."

Almustafa ya sunkuyar da kai. Ya ce, "To Baba, jibi masu kamyo za su zo. Ba 'yan unguwar nan ba ne, ba su san ka ba. Ba na so hannun baƙo ya taɓa maka abu. Don Allah ka riga su."

Da ya tafi, Barmo ya juya ya kalli bangon maƙwabcin. Mutumin da ya iya ganin inda ƙadangare ya ja wutsiya jiya, shekara biyu bai ga wannan zaizayar ba. Kunya ta kama shi sosai.

Ranar Juma'a bayan la'asar, Ramatu ta kawo masa fura a zaure. Ya ce ta zauna. Ya daɗe yana juya ludayi, sannan ya gaya mata komai, tun daga awakin har ruwan da ya zubar. Ramatu ta riƙe baki. Ta yi kuka mai isarta, ta share ido da gefen zane, sannan ta ce, "Baba, to a haƙo shi mana. A yanko ƙasar gaba ɗaya, a sa a faranti, a kai ɗaki."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ke malama ce, ni ma a nawa fannin malami ne. Sawu a rairayi kwana uku yake yi. A laka, in an rufe, ya yi rani ɗaya. Damina biyu ta wuce a kan wannan. Damshi yana bi ta ƙasa, gara tana bi ta ƙasa. Ƙayata ba ta hana su."

"Ke nan ka san..."

"Na sani tun shekarar farko." Ya ajiye ludayin. "Amma muddin ban ɗaga ba, yana nan. In na ɗaga, uwarki ta gama wucewa. Tsoro nake ji, Ramatu. Ban taɓa jin tsoron ɓarawo mai takobi ba, amma ina tsoron daron nan."

Ta ɗauki ƙwaryar ta shiga ciki. Ya ji tana zuba ruwan ɗauraya a bido, wato jarka, ruwan da ta saba ba wa 'yar bishiyar tsakar gida.

Asabar da hantsi, tun kamyo yana can farkon unguwa ana jin ƙugin injinsa, Barmo ya fito ba buzu. Ya janye ƙayar da kansa, reshe-reshe, Ramatu tana tarawa gefe. Ya baje 'yar kunyar da ƙafa. Maƙwabta suka leƙo, da suka ga abin da ake yi, masu hankali suka ja yaransu ciki. Almustafa yana can bakin lungu, ya ba su baya, yana duban wani bango da ba abin da ya same shi.

Barmo ya tsuguna yadda Rissa ya koya masa, rana a gabansa, don kada inuwarsa ta faɗa wurin. Ya sauke dutsen. Ya yi bisimilla, ya sa yatsu a ƙarƙashin bakin daron, wanda ya nutse cikin ƙasa har sai da ya girgiza shi. Ya ɗaga.

Ƙasa ce lallausa, an tankaɗe ta kamar gari. Hanyoyin gara sun ratsa ta, ga ramin tururuwa a gefe, ga wani farin tsiro da ya fito cikin duhu ya mutu. Ya duba ta gabas, ya karkata ya duba ta kudu. Ya daɗe yana dubawa, shi da bai taɓa duba sawu sau biyu ba.

Ya ce, "Babu."

Ya ja jiki ya jingina da bango. Ya lumshe ido ko sawun zai ci gaba kamar kullum, ya sha kwana, ya haura tudu. Bai ga komai ba sai jan hasken rana ta fatar ido. Baƙin ciki ya danne masa ƙirji, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka binne ta.

Ramatu ta bar shi. Ta ɗauko tsintsiya ta fara daga bakin zaure. Sharar shekara uku ba wasa ba ce. Ta kwashe leda, ta kwashe kashin awaki, ta tsince ƙayar da ta karye, ta cika daron uwarta sau huɗu tana kai wa masu kamyo. Da ta zo inda daron ya zauna ta ɗan tsaya, ta dubi uban. Ya ɗaga mata hannu. Ta share.

Ƙura ta tashi, tsohon ya fara tari. Sai ta shiga ta ɗauko bidon ruwan ɗaurayar nan, ta riƙa yayyafawa da hannu, daga bango har tsakiyar hanya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Takalmin robarta ya jiƙe ya fara santsi, yana kama laka yana tsalle yana watsa mata a zane. Ta yi tsaki, ta cire shi ta jefa bakin zaure. Ta ƙarasa yayyafin, ta ɗauki daron a kunkuminta, ta nufo gida ta gabansa.

Idon Barmo a ƙasa yake, don ba shi da wani wurin ajiye shi.

"Tsaya!"

Ta tsaya cak, ta ɗauka kunama ce.

"Kada ki motsa. Ɗaga ƙafar dama. A hankali. Koma baya."

Ya rarrafo da gwiwa, ya zagaya don rana ta dawo gabansa. A kan sharerriyar ƙasa mai damshi, ga shi nan, gefensa ko rugujewa bai fara ba. Babban yatsa ya ware daga 'yan'uwansa. Ƙarami bai taɓa ƙasa ba. Dunduniya ba nauyi. Ya auna da tafin hannu. Ya laluba aljihu, ya ciro ƙwallon dabinon da ya tsotse da safe, ya sa a tsakanin yatsun. Ya zauna daidai. Ya waiga, ga wani a baya, ga wani, ga wani, sun cika ƙofar gidan har tsakiyar hanya.

Shekara uku tana shiga tana fita ta gabansa. Shi da ya raba gardamar Belbeji, ya zauna yana gadin daro, sawun yana cikin gidansa a kan siminti. Dariya ta zo masa tare da hawaye, ya rasa wadda zai fara.

Ya ce, "Rissa ya gaya mini. Wallahi ya gaya mini."

Ramatu ta dubi ƙafarta, ta dubi ƙasa, ta dubi ubanta. Ta gane. Ta sauke daron daga kunkuminta, ta juya shi, ta riƙe a saman sawun.

"Baba, in kifa?"

Barmo ya daɗe yana kallon sawun. Rana tana hawa, gefen ya fara bushewa, nan da azahar awaki za su bi ta kai.

Ya ce, "A'a. Kai shi ƙarƙashin indararo, ruwa ya kusa." Ya share fuska da bakin rawani. "Sun ce kullum za a riƙa shara, ko?"

"Kullum, Baba."

"To gobe da hantsi ki fito ki share. Ki bar takalmin a ciki."